Yadda ake harba roka da gorar roba da famfon keke

Rokar da na fara haɗawa ta tashi kamar tsayin mutum biyu, ta yi adungure sau uku a iska, ta dawo ta faɗi dab da ƙafata, rigata kuwa ta jiƙe sharkaf. Ɗalibaina talatin da wani abu suna tsaye suna kallo. Can daga baya wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, shi ke nan an je wata an dawo?" Na yi dariya tare da su. Haushin bai zo ba sai da dare.

Labarin Robert Goddard ne ya sanyaya mini rai. Ran 16 ga Maris 1926, a wata gona a garin Auburn na jihar Massachusetts a Amurka, ya harba roka ta farko a duniya mai shan mai na ruwa, wato fetur da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Ta yi sama mita 12 da rabi, ta yi daƙiƙa biyu da rabi a iska, ta faɗo. Shekara 43 bayan wannan, mutum ya taka wata. Gorar da zan nuna maka, in ka haɗa ta daidai, za ta wuce rokar Goddard tsayi, kuma kusan kowace matsalar da ta hana manyan injiniyoyi barci za ka gamu da ƙanwarta a hanya.

Ka nemi goruna biyu na roba masu cin lita ɗaya da rabi ko lita biyu, irin na lemo mai gas. Kada ka yi amfani da gorar ruwan sha, ba a yi ta don jure matsi ba. Gorar kwalba kuwa kada ma ka kawo ta a rai. Sai matoshi na roba wanda zai shiga bakin gorar da ƙyar, da bututun biro da aka zare tawadarsa, da tiyo mai ƙwari kamar mita biyar, da bawul na tsohuwar taya, da waya ta ɗauri, da salatif mai faɗi, da kwali mai tauri ko faifan roba, da ɗan yumɓu, da sandar ƙarfe siririya. Famfon keke mai agogo ya fi, don ka riƙa ganin yawan iskar da ka buga. Sai littafi da biro. Zan dawo kan littafin.

Ɗaya daga cikin gorunan ita ce tanki kuma ita ce inji. Wannan ba a yanka ta, ba a huda ta, ba a goge ta da sanfefa, ba a sa mata gam mai zafi, ba a barinta a rana ta gasu. Duba jikinta da kyau. In akwai karce mai zurfi, ajiye ta ka ɗauko wata. Kafin ka ɗaura mata komai, matsa ta da hannu babu murfi, za ka ga ta lotse. Rufe ta da iska a ciki ka sake matsawa, sai ka ji ta yi tauri. Da wannan dabarar aka ƙera rokar Atlas wadda ta kai John Glenn ya kewaya duniya a watan Fabrairun 1962. Jikin tankinta ƙarfe ne wanda a wasu wurare bai kai kaurin milimita ɗaya ba, kuma in aka sace iskar cikinsa sai ya durƙushe da nauyin kansa. Sun yarda da wannan kasadar ne don gudun nauyi, kuma nan gaba kaɗan za ka ga dalili.

Maharbin kuwa ga yadda nake yinsa. Ka huda matoshin ta tsakiya, ka cusa bututun biro har ya leƙo ta ɗaya gefen, ramin ya kama shi gam. Ka zura ƙarshen bututun a cikin tiyo ka ɗaure da waya. A ɗaya bakin tiyon ka cusa bawul, shi ma ka ɗaure. Famfo yana can wajen bawul, mita biyar daga roka. Amfanin wannan tsari biyu ne: kana nesa, kuma in ka fasa harbin, danna ƙwayar bawul kawai za ka yi, ruwa da iska su fice ba tare da ka matsa kusa ba. Ka ɗaga wani sashe na tiyon a kan kujera ko dutse ya fi ruwan cikin gorar tudu, in ba haka ba ruwa zai gangaro ya cika maka famfo.

Kafin ranar harbi, gwada tankin. Cika shi da ruwa maƙil, toshe, ɗaure matoshin da igiya don kada ya fita, rufa masa tsohon bargo, ka koma wajen famfo ka buga har agogonsa ya nuna matsin bar 4, wato kusan psi 60. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka ko gorar ta fashe, tsagewa kawai za ta yi ta zubar. Mai cike da iska kuwa in ta fashe, ƙararta kaɗai tana iya taɓa maka kunne. Haka ake gwada manyan tankuna ma. Gorar da ta ci wannan jarrabawa, a fili kada ka wuce bar 3 da ita.

A wannan gwajin za ka fara jin tsiyaya, ɗan "tsss" a gefen matoshi ko inda tiyo ya haɗu da bututu. Kada ka ce ba komai. Ni na ce haka sau ɗaya, na yi ta buga famfo har kafaɗata ta gaji, agogo bai motsa ba. Ni gumi kawai na yi asara. A ran 28 ga Janairun 1986, kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka rasu, kuma musabbabin zoben roba ne da ke toshe gaɓar ɗaya daga cikin rokokin gefe. An kwana ana sanyi, robar ta sandare, ba ta koma siffarta da wuri ba, wuta ta sami hanya. Da aka kafa kwamitin bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya tsoma guntun robar a kofin ruwan ƙanƙara a gaban jama'a, ya nuna ta daina laushi. Tun daga ranar da na ba ɗalibaina wannan labari, su suke fara duba matoshi kafin ni.

Yanzu jikin roka. Ka tuna a kife za ta tashi, baki ƙasa, gindi sama. Ɗauki gora ta biyu ka yanke kashi ɗaya cikin uku ta wajen baki, ka kifa shi a gindin tankin ya zama kan roka. Kafin ka liƙe, cusa yumɓu kamar girman ƙwai a can ƙololuwa, ka rufe tsinin da soso ko rabin ƙwallon tanis, domin da ka za ta dawo kuma da gudu. Tsakiyar gora ta biyun, wadda ta zama kamar zobe mai faɗi, ka zura ta ta wajen bakin tankin ta zama siket. A jikinta za ka liƙa fukafukai uku ko huɗu, girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya, a miƙe sambal. Siket ɗin kada ya yi tsawon da zai hana hannunka kai wa matoshi. A gefen roka kuma ka liƙa wani guntun bututu wanda sandar ƙarfe za ta shige ta cikinsa a sake.

Nan ne na yi kuskure a rokata ta farko. Na ƙi sa yumɓu, wai don kada ta yi nauyi, fukafukan kuma na sa su a tsakiya don a can suka fi kyan gani. Abin da ya sa ta yi adungure ke nan. A jikin kowace roka akwai wurare biyu da ya kamata ka sani. Ɗaya shi ne inda nauyinta ya daidaita, inda za ka ɗora ta a kan yatsa ta zauna. Ɗayan shi ne inda iska ta fi tura ta in ta buge ta daga gefe. Dole na farkon ya kasance gaba, wajen kai, na biyun a baya. In haka ne, duk lokacin da ta karkace, iska za ta kama wutsiyar ta mayar da ita kan hanya. In suka yi musaya, iskar ce za ta ƙarasa juya ta. Yumɓu yana jan wurin nauyi gaba, fukafukai suna jan wurin iska baya.

Ba ka bukatar lissafi don ka gane ko ka dace. Ɗaura kirtani mai tsawon mita biyu daidai inda ta zauna a yatsa, babu ruwa a ciki, ka liƙe da salatif, ka riƙa wulwula ta bisa kanka. In ta juya kanta gaba da kanta ta bi da'irar, ta yi. In tana tafiya a kaikaice ko da baya, ƙara yumɓu ko ka faɗaɗa fukafukai, ka sake.

Goddard ma ya ruɗe a nan, ta wata fuskar. A rokar 1926 ya ɗora injin a sama, tankuna suna rataye a ƙasa, yana ganin abin da aka ja daga sama zai miƙe da kansa kamar guga a igiya. Bai lura ba cewa injin a jikin rokar yake. In ta karkace, tare suke karkacewa. Daga baya ya mayar da injin ƙasa, ya sa na'ura mai juyi kamar katantanwa wadda ke jin karkata, tana motsa wasu ƙananan faifai a cikin harshen wutar. Rokar V-2 ta Jamus, wadda ta fara tashi lafiya ran 3 ga Oktoban 1942, ita ma da irin wannan aka tuƙa ta. Ba na son ambaton V-2 ban faɗi sauran ba: fursunoni aka tilasta wa ƙera ta a ramukan ƙarƙashin dutse, kuma waɗanda suka mutu wajen ƙera ta sun fi waɗanda ta kashe a Landan da Antwerp yawa. Bayan yaƙi, Amurka ta kwashi Wernher von Braun, jagoran injiniyoyin V-2, da mutanensa, Sobiyet ta kwashi abin da ya rage na kaya da ma'aikata. Manyan rokokin yau kuwa galibi ba su da fukafukan kirki, injin kansa ake lanƙwasawa, don can sama babu iskar da fiffike zai kama.

Sai batun ruwa, wanda a ganina shi ne zuciyar abin. Ka zuba kashi ɗaya cikin uku na gorar. Amma kada ka yarda da ni haka kawai, ka gwada uku a rana ɗaya da matsi iri ɗaya: babu ruwa sam, kashi ɗaya cikin uku, da kashi uku cikin huɗu. Marar ruwa za ta yi "fuf" ta ɗan yi tsalle. Mai ruwa da yawa za ta tashi da ƙyar kamar mai ciwon baya, ta kwanta a gefe tana ta amai, wani lokaci ma ta faɗo da saura a ciki, don 'yar iskar da ke sama ta buɗe ta rasa ƙarfi tun ruwan bai ƙare ba. Ta tsakiyar ce za ta ɓace maka da gani na ɗan lokaci.

Dalili shi ne roka ba ta dogara da ƙasa ko iskar waje don ta tashi. Abu take jefawa baya da ƙarfi, shi kuma ya tura ta gaba, kamar yadda kwalekwale ke ja da baya in ka yi tsalle daga cikinsa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa ya fi ta turi. Wannan magana mai sauƙi ta sha wa manya kai: a 1920 jaridar New York Times ta yi wa Goddard ba'a cewa roka ba za ta yi aiki a inda babu iska ba, ba ta janye maganar ba sai a Yulin 1969, lokacin da Apollo 11 ke kan hanyar wata.

Wahalar ita ce abin da za ka jefar, sai ka fara ɗaukarsa. Wani malamin makaranta a garin Kaluga na Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, wanda ciwo ya kurmantar tun yana yaro, shi ya fitar da lissafin a 1903. Ga ma'anarsa. A ce rokarka da ruwa ta ninka nauyinta babu ruwa sau 4, ta ba ka wani gudu. In kana son ninkin wannan gudun da irin injin nan, ninki 8 ba zai isa ba, sai 16. In sau uku kake so, sai 64. Kowane ƙarin mai yana bukatar wani man da zai ɗaga shi. Shi ya sa kusan kashi tara cikin goma na nauyin babbar roka mai ne zalla, shi ya sa aka yi wa Atlas fata kamar takarda, kuma shi ya sa ake jera rokoki hawa-hawa, na ƙasa ya ƙone a yar da gangarsa. Saturn V, rokar da ta kai mutane wata, ta kai mita 110 tsayi, nauyinta wajen tan 2,900 a kan dandamali, injinanta biyar na hawan farko suna shanye kusan tan 13 na kananzir da oksijin kowace daƙiƙa. Abin da ya dawo duniya da mutum uku a ciki bai kai tan 6 ba. Ka auna rokarka a sikeli, da ruwa da babu ruwa, ka rubuta. Daga ranar za ka fara ƙyashin kowane zagayen salatif.

Ranar harbi, ka sami fili mai faɗi kamar na ƙwallo, nesa da titi da wayoyin lantarki da rufin mutane, kuma ranar da iska ba ta kaɗawa sosai. Kafa sandar ƙarfe a ƙasa, ka ɗan karkatar da ita kaɗan ta kalli inda babu kowa. Zuba ruwa, cusa matoshi da ƙarfi, kifa rokar, zura ta a sandar, ka ɗora siket ɗinta a kan bulo biyu yadda tiyo zai wuce ta tsakani. Kowa ya koma bayan mai famfo. Daga nan sai bugu. Za ka ga kumfa tana hawa ta cikin ruwan, gorar tana ƙara sheƙi, sai kawai matoshin ya kuɓuce. Irin wannan maharbin ba ya sanarwa, yawanci tsakanin bar 2 da 3 yake saki, don haka ƙirgen da yara suke so, goma, tara, takwas, sau da yawa a banza yake ƙarewa. Ruwan duka yana fita cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Sauran tafiyar duk da wannan turin take yinta.

Wata rana agogo zai kai bar 3 matoshi ya ƙi fita. A nan ne ake gane mai hankali. Za ka ji kamar ka je ka ɗan taɓa shi da ƙafa, ko wani yaro ya ce, "Malam, bari in girgiza ta." Kada kowa ya motsa. Danna bawul, ruwa da iska su fita duka, sannan a je. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A Baikonur, filin harba rokoki na Sobiyet, ran 24 ga Oktoban 1960, an yi ta gyaran wata roka mai suna R-16 tana cike da mai, ana sauri don a cika wa'adi, babban kwamandan, Marshal Nedelin, yana zaune a kujera kusa da ita. Injin hawa na biyu ya kama da kansa. Shi da mutane masu yawa suka ƙone a wurin, gwamnati kuma ta ɓoye labarin shekaru da dama. Dokata a fili ɗaya ce kuma ba na sassauta ta: gora mai iska a ciki, ba mai zuwa kusa da ita, ba mai leƙa ta daga sama.

Don sanin tsayin da ta kai, sa mutum ɗaya ya riƙe agogon waya, ya danna da tashinta, ya danna da faɗuwarta. Ninka daƙiƙoƙin da kansu, ka ninka da 1.2. Daƙiƙa 4 ta ba ka kusan mita 19, daƙiƙa 5 kusan mita 30. Lissafin yana ɗan yi maka kara, don iska tana rage mata gudu wajen saukowa, amma ya isa ka kwatanta harbi da harbi. To a nan littafin yake shigowa. Kowane harbi ka rubuta yawan ruwa, matsi, nauyin yumɓu, daƙiƙoƙi, da abin da idonka ya gani. Kuma abu ɗaya tak za ka canza kafin na gaba. Na taɓa canza fukafukai da yumɓu da ruwa a lokaci guda, rokar ta yi tashin da ba ta taɓa yi ba, har yau ban san wanne ya jawo ba, ban kuma iya maimaitawa ba.

Injiniyoyin injin F-1 na Saturn V sun fi ni haƙuri. Wutar cikin injin takan kama rawa ta farfasa shi cikin ƙiftawar ido, sai suka riƙa tayar da ƙananan bama-bamai a cikinsa yana aiki, da gangan, suna canza fasalin faifan da ke fesa mai, har suka sami wanda wutar ke komawa daidai da kanta. Sobiyet kuwa ba ta taɓa kunna injina 30 na hawan farko na rokarta ta zuwa wata, N1, gaba ɗaya a ƙasa ba kafin harbi. Sau huɗu aka harba ta tsakanin 1969 da 1972, sau huɗu ta lalace.

In rokarka ta kai mita 30, wani zai tambaye ka nawa ya rage a kai sararin samaniya. Iyakar da aka fi amfani da ita kilomita 100 ce, amma tsayin shi ne ƙaramin aiki. Abin da ya kai can ya tsaya, faɗowa zai yi kamar gorarka. Don ya zauna, sai ya yi gudu a kwance kusan kilomita 7.8 a daƙiƙa, wajen kilomita 28,000 a awa, yadda yana faɗowa ƙasa tana lanƙwashewa tana guje masa. Haka Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ya yi ran 4 ga Oktoban 1957, haka Yuri Gagarin ya yi ran 12 ga Afrilun 1961 a tafiyar minti 108. Gorarka tana barin sanda da gudun kamar mita 25 a daƙiƙa. Ninka wannan sau 300 tukuna. Shi ya sa in ka kalli harbin babbar roka za ka ga ba ta daɗe a miƙe, tana fita daga iska mai kauri sai ta kwanta.

Saura saukowa, kuma a nan har yanzu ina fama. Bayan harbi biyar ko shida kan rokar yakan lotse, fukafukai su karye. Maganin laima ce: ka yanka da'ira mai faɗin kamu uku daga babbar leda marar nauyi, ka ɗaura zare takwas a gefenta, ka haɗa su a gindin tankin, ka naɗe ta a sake, ka kifa kan rokar a bisanta ba tare da liƙewa ba, yana zaune a kan ɗan zoben kwali, da zare guda da zai hana shi ɓata. In ta kai ƙololuwa ta juya, kan ya zame, laima ta buɗe. Haka ake fata. A aikace, in ya yi sako-sako tun wajen tashi yake faɗuwa, in ya kama sosai sai ya ƙi fita ta dawo da ka. Laimar da ta ƙi buɗewa ce ta kashe Vladimir Komarov a kumbon Soyuz 1 a Afrilun 1967, kuma a 1971 ɗaya daga cikin laimomi uku na Apollo 15 ta saki, biyun suka sauke su lafiya. Sai a Disambar 2015 hawan farko na rokar Falcon 9 ta Amurka ya taimaka aka kai kaya falaki, ya dawo ya sauka a tsaye da wutar injinsa, bayan na gabansa sun sha faɗuwa a teku.

A littafina, cikin harbi goma na ƙarshe, laima ta buɗe sau shida. Ka barbaɗa wa ledar hoda don kada ta manne da danshi, ka naɗe ta daga tsakiya zuwa baki, zaren kuma ka kewaya shi sau biyu kawai. Wanda zan gwada a gaba shi ne in rage tsayin zoben kwalin da rabi, sauran komai in bar shi yadda yake.